Dakalin Bangon Arewa

Ranar da Khairiyya ta fara ganin Junaid, gudu yake yi.

Ta sauko daga klando, wato acaɓar Injamena, ke nan a bakin layinsu na unguwar Ambassatna, rungume da naɗaɗɗun takardun zane, sai ga wani dogon saurayi ya taho fuu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, fensir maƙale a kunne. A bayansa dattawa biyar ne. Su ba gudu suke ba, gwiwa ba za ta yarda ba, amma muryoyinsu sun riga shi isa ƙarshen layi.

"Ku tare shi! Ɗan meri ne! Ya zo auna mana kusurwa!"

A unguwar nan, duk wanda aka gani yana kallon bango yana rubutu, to an gama yanke masa hukunci: daga ofishin magajin gari yake, gobe zai dawo da jan fenti a ce a rushe.

Da ya zo daidai ita, idanunsu suka haɗu. Abin da ya tsaya mata a rai har yau shi ne, duk da yana cikin wannan hali, sai da ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu." Sannan ya ƙara mai.

Wani ƙaramin littafi mai baƙin bango ya faɗo daga aljihunsa. Khairiyya ta duba hagu, ta duba dama, ta ɗauke shi ta cusa cikin takardunta.

Gidansu shi ne na kan kusurwa. Kakanta ya gina shi tun ana kiran garin Forlami, ya bar ƙofa tana kallon gabas, ya kuma zagaye kusurwar ta yi lanƙwasa kamar gefen ƙwarya. A bakin wannan ƙofa mahaifinta, Alhaji Rufa'i, yake shimfiɗa tabarma kullum daga la'asar zuwa magariba, shi da abokansa huɗu, da rediyo, da murhun gawayi, da butar shayi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Ko akuya ba ta shiga gidan sai an tambaye ta wace ce ita.

Kuma Alhaji yana da doka guda. Duk saurayin da yake son magana da 'yarsa, sai ya zauna a tabarmar nan ya sha shayi kofi uku, kowane kofi da tambayoyinsa. Wani malamin lissafi ya taɓa gwadawa, a kofin farko ya tuna ya bar ƙarfen guga a kunne. Wani mai kantin magani ya kai na biyu, sai Malam Falalu, babban aminin Alhaji kuma mai riƙe da buta, ya tambaye shi sunan kakan kakarsa. Ba a sake ganinsa a layin ba.

Mutum ɗaya ne yake shanye ukun lafiya lau: Zubair, ɗan Malam Falalu, mai sayar da janareto. Shi kuwa ai ubansa ne yake zubawa.

A ɗaki Khairiyya ta buɗe littafin. Babu lamba ko ɗaya ta rusau. Zane ne cike da shi, kuma duk kusurwoyin tituna. Ga wata a unguwar Chagoua inda mai faci ya jingina tayoyi suka zama wurin zaman jama'a. Ga wata a Boutalbagar, mai ƙuli-ƙuli ta zaɓi daidai inda iska biyu suke haɗuwa. Shekara uku tana karatun zanen gine-gine, ba ta taɓa ganin wanda ya kalli kusurwa haka ba.

A shafin ƙarshe ga tasu, ba a gama ba. A ƙasa ya rubuta: "Wanda ya gina wannan yana son mutane. Ya zagaye ta don kada kowa ya yi karo da kowa."

Ta karanta sau huɗu. Sai kuma idonta ya faɗa kan awon da ya rubuta, ta ɗaure fuska.

Akwai lambar waya a bangon littafin ta ciki. Washegari da hantsi, bayan ta rubuta ta goge sau goma sha ɗaya, ta rufe ido ta tura:

"Assalamu alaikum. Littafinka yana hannuna. Kusurwar gidanmu ba mita biyu da arba'in ba ce, biyu da sittin da biyar ce."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Wa alaikumus salam. Allah Ya saka. Ki yi haƙuri, santimita ashirin da biyar ɗin da suka rage, lokacin ne wani dattijo ya ɗaga sanda."

Ta toshe baki da matashi don kada Inna ta ji dariyarta.

Sunansa Junaid. Mutumin Zariya ne, shekararsa uku a Injamena, yana zaune a Chagoua wurin kawunsa Inusa ɗan kasuwa. Sana'arsa buga bulo mai huji-huji na ado, wanda magina suke kira kulostira, iska ta wuce rana ta tsaya. Larabcin garin bai zauna masa a baki ba, kuma yana da wata larura: da zarar dattijo ya zuba masa ido, harshensa sai ya ƙulle.

Ba dattijo kaɗai ba, ashe. Ranar da ya zo ƙofar makarantarsu karɓar littafin, ya yi minti biyu yana cewa, "Na… na… na…" har ta taimaka masa da, "Ka gode?" Ya gyaɗa kai da ƙarfi.

A waya kuwa kamar ba shi ba.

"Barka da asuba, Malama Santimita. Yau na buga bulo ɗari da ashirin. Ki zo ki auna ko akwai wanda ya karkace."

"Barka kadai, Sarkin Gudu. Wanda ya karkace ka ajiye min shi, zan ɗora littattafai."

"Tun ranar da na wuce ki a guje, ji nake kamar na bar wani abu a layinku."

"Na ba ka littafinka ai."

"Ba shi ba."

Wannan saƙon ta kai azahar ba ta amsa ba. Sai shiga da fita take a tsakar gida, har ta zuba sukari a miyar kuɓewa. Inna Hajjo ta ɗanɗana, ta ajiye ludayi, ta ce, "Wane ne?"

Da ta ji labari, Inna ta ce, "Wanda ya gudu da takalmi a hannu? Ke kuwa duk samarin Injamena!" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta gyara zama. "Ya zo ya sha shayin babanki."

"Inna, zai mutu."

"To sai a yi masa salla a nan kusa, ga malamai a ƙofar gida."

Shi ma Alhaji ya ji ƙishin-ƙishin, don babu abin da yake wuce kunnen tabarmar nan. Wata safiya yana karin kumallo ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na ji ana maganar wani baƙo daga Najeriya. Mu nan an san kakanninmu. Mutumin da ya zo jiya, ba a san ubansa ba, ba a san ƙofar gidansu ba, me zan ce wa mutane? Ba zan yi miki dole ba, Khairiyya. Amma ni dai fuska ɗaya nake gani a tabarmata, ta Zubairu."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba."

Da yammar ranar ta tsaya a tagar ɗakinta tana kallon 'yan majalisa, kamar yadda malaminsu ya koya musu kallon wuri. Sai ta lura da abu. Ba don ƙofa suke zama a ƙofa ba. Don inuwa ne. Bangon gabas ne yake ba su inuwa da la'asar. Gidan kuwa fuska biyu gare shi. Idan ka zagaya kusurwar nan, akwai dogon bangon arewa, yana kallon babban titi, babu kowa sai kaji.

Ta jawo babban littafinta na Faransanci, wanda ta fi so a duk littattafanta, ta buɗe shafi na tamanin da bakwai. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, har ta taɓa ja masa layi: bangon arewa ba ya ganin rana.

Ta rubuta wa Junaid:

"Sarkin Gudu, idan ba za ka iya wuce majalisa ba, za mu matsar da majalisa."

Dama ana neman kowane ɗalibi ya kawo aikin ƙarshen shekara, gyaran wani wuri na gaske a cikin gari. Kwana tara ta yi tana zana dakali. Ba irin wanda aka saba ba. Ta yi masa majingini da ya kwanta daidai bayan tsoho. Ta yi masa tsawon da gwiwa ba za ta yi ƙara ba in an tashi. Ta fitar da gurbin murhu, da ɗan lungun ajiye rediyo, har da ramin jingina sandar Malam Falalu.

Ta shimfiɗa takardar a gaban Alhaji, muryarta can ƙasa. "Aikin makaranta ne, Baba."

Ya juya takardar sama ta koma ƙasa, ya sake juyawa. "A wane bango?"

"Na arewa."

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi sama ta tsakar gida, ya daɗe. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Na arewa," ya ce. "To madalla. Ki yi."

A watan Janairu aka yi aikin, Junaid ne maginin. Junaid yakan zo da sassafe, hula har gira, ya tashi kafin azahar, don kada ya haɗu da masu sanda. Kwana na biyar, wata farar mota ta tsaya har tana taka masa yashi. Zubair ya sauke gilashi, ƙamshin turare ya riga shi fitowa.

"Kai magini, afe, lafiya dai? Ka yi aikin nan da kyau fa. A nan za a ɗaura aurena da 'yar gidan."

Junaid ya ce, "To… to… to."

Daga ranar wayar Khairiyya ta yi shiru. Kwana ɗaya, biyu, uku. Yana zuwa aiki, yana tafiya, ba ya ko kallon taga. Ta karanta tsofaffin saƙonninsu daga farko tana neman inda ta yi laifi, har ta fara zargin wata aya da ta manta ba ta sa ba. A rana ta huɗu ta kasa daurewa.

"Ko siminti ne ya kama maka yatsu?"

Sai bayan awa guda ya amsa. "Allah Ya sanya alheri. Zan gama miki dakalin ɗaurin aurenki da kyau. Angon ya ce in yi da kyau."

"Wane ango?"

"Mai farar mota."

Ta zauna daɓas a bakin gado. Haushi da dariya suka taso mata tare.

"Junaid, shekara huɗu ke nan Zubair yana faɗin haka. Ya faɗa wa mai ruwa, ya faɗa wa mai gyaran wuta. Ni kaɗai ce bai taɓa faɗa wa ba, don ya san amsar. Kana ganin zan hana idona hutu kwana tara ina auna bayan tsofaffi saboda Zubair?"

Sai ga amsa:

"Saboda wa?"

"Ka auna da kanka. Amma kada ka rage ashirin da biyar."

Washegari maƙwabta suka ji magini yana aiki yana waƙa.

Dakali ya bushe ranar wata Alhamis. Malam Falalu ya fara zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da sanda, yana cewa shi tabarmar iyaye da kakanni ta ishe shi. Sai ya ce bari ya ɗan gwada. Ya zauna. Bayansa ya sami majingini. Sandarsa ta faɗa raminta kamar ta san hanya. Ya lumshe ido ya ce, "Rufa'i, a kawo butar nan."

Shi ke nan, majalisa ta zagaya kusurwa.

Daga ranar, duk Alhamis da Lahadi, Junaid yakan biyo ta layin kudu, ya tsaya a ƙofar da babu kowa. Khairiyya tana daga bakin zaure, Inna Hajjo tana daga ciki tana tsintar shinkafa da tari na musamman duk bayan minti goma. Muryoyin dattawa suna zuwa daga bayan lanƙwasa, suna gardamar farashin shanu. Taku goma sha biyu ne tsakani, amma kamar wata ƙasa.

A hankali harshensa ya fara sakuwa. Ya ba ta labarin mahaifinsa, magini ne a Zariya, wanda yake ɗanɗana ƙasa da harshe kafin ya yarda a kwaɓa. Ita ta gaya masa burinta na zana gidan da kowace taga take da dalili.

"Ni zan buga miki bulon," ya ce.

"Zan auna kowanne."

"Na sani, Santimita. Shi ya sa nake so."

Inna dai ba ta fasa faɗa ba: "Wannan dabara taku ba ta kai mutum ɗakin aure. Ƙofa kuka samu, ba izini ba." Khairiyya ta san gaskiya ce. Kullum sai ta ce masa, "Mako mai zuwa ka zagaya." Kullum sai ya ce, "In sha Allahu," yana kallon layin kudu.

Sai ga Afrilu ta shigo da zafinta, irin wanda kwalta take laushi, ruwan randa ya koma kamar na wanka. Sai ga kuma saƙo:

"Kawu ya ce zai mayar da ni Zariya kafin azumi. Ya ce in ba wata magana ce mai ƙarfi ta riƙe ni a nan ba, in tattara injina. Saura mako biyu."

"To ka zagaya, Junaid."

"Ranar Alhamis zan zo. Akwai abin da zan fara gaya miki. Na haddace shi."

Ya zo cikin shaddarsa ruwan toka, guga har tana yanka, gumi yana bin wuyansa. Ya tsaya ya ba kusurwa baya. Ya ce, "Don Allah kada ki katse ni. In na kalle ki zan manta." Ya runtse ido.

"Khairiyya, ni ba ni da mota. Ba ni da kakan da aka sani a garin nan. Amma tun ranar da…"

A nan ne Khairiyya ta ga bakin buta ya leƙo daga bayan lanƙwasa.

Bayan buta, Malam Falalu, hularsa jiƙe sharkaf. Bayansa mai ɗauke da murhu, sai mai rediyo, sai mai tabarma. Sai Zubair yana fifita da makullin mota. A ƙarshe Alhaji Rufa'i, hannuwansa a baya, yana tafe a natse kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Suka ja suka tsaya. Mai rediyo ya kashe rediyo.

"Junaid," ta ce da raɗa.

"Kada ki katse ni. Tun ranar da na gan ki, duk kusurwar da na zana sai in ga kamar za ki ɓullo ta bayanta. Ina so in tsufa ina buga bulo kina cewa ya karkace. Ina so…"

"Junaid!"

"Saura kaɗan. Ina so ki zama matata, ko da dattawan nan biyar za su bi ni da sanda har Zariya."

"Gwiwa ba za ta kai ba," in ji Malam Falalu. "Amma za mu gwada."

Junaid ya buɗe ido ɗaya. Ya buɗe na biyu. Ya juya a hankali. Khairiyya ta ga ƙafarsa ta dama ta karkata wajen layin kudu, ta ga hannunsa ya fara laluben takalmi. In ya gudu yau, Zariya zai tsaya.

Kallonsa kawai ta yi.

Ya cire takalmin dama. Ya cire na hagu. Ya ajiye su a gefen tabarmar da ake shimfiɗawa, ya durƙusa ya ce, "Sa… sa… salamu alaikum."

"Lale, lale," in ji Alhaji. "Wata uku muna jiran sallamar nan. Falalu, ɗora buta."

Khairiyya ta faɗa zaure ta laɓe a bayan ƙyaure. Ta tarar Inna ta riga ta kama wurin da ya fi kyau.

Kofin farko, mai ɗaci. Ɗan wane ne? Wace unguwa a Zariya? Wa ya san uban? Junaid yana amsawa kalma ɗaya-ɗaya. Da aka zo kakan kaka, ya ce, "Ban… ban sani ba." Malam Falalu ya buɗe baki, sai mai rediyo ya ce, "Kai ka san naka, Falalu?" Aka wuce wurin da sauri.

Kofi na biyu. Malam Falalu ya miƙa masa yana huci.

"Kai ne maginin da ya yi mana kaskon suya? Tun watan jiya inuwa take guduwa, muna matsawa, muna matsawa, har muka koma zama a kan juna. Yau rana ta zo ta zauna a cinyata! Dubi wuyana! Wa ya ce a yi dakali a bangon arewa?"

Khairiyya ta dafe ƙirji. Rana? A bangon arewa? Wata uku tana tsaye a ƙofar gabas a daidai wannan lokaci, ko sau ɗaya ba ta leƙa ta ga yadda aikinta yake ba.

Junaid ya ce, "Ni… ni na gina."

"Ba wanda ya gina aka tambaya ba," in ji Alhaji. "Wa ya zaɓi bangon?"

"Ni na gina, Baba. Laifina ne."

"Ni na zana!" Muryar ta fita daga bayan ƙyaure kafin mai ita ta sani. "Shafi na tamanin da bakwai ne ya ce bangon arewa ba ya ganin rana!"

Sai Alhaji Rufa'i ya fashe da dariya, irin wadda Khairiyya ta yi shekaru ba ta ji ba, har yana riƙe kafaɗar mai murhu.

"A ina aka rubuta littafin, uwata?"

"…Faransa."

"To a can ne ba ya gani. Mu nan, da bazara ta kama, rana takan tsallako ta faɗi ta wancan gefen. Kajin layin nan ma sun sani, ba ki ga sun bar wurin ba? Kina tsammani kakanki bai ga bangon arewa ba ya zaɓi gabas?"

"Baba, kun sani tun farko?"

"Tun da kika shimfiɗa takarda. Na ce bari in sami dakali na sanyi, in kuma ga iya kwanakin da saurayi zai yi yana zagaye ni." Ya juya ga Junaid, dariyar ta ragu. "Ka daɗe, yaro. Ban ji daɗin wannan ba. Amma an tambaye ka sau biyu, ba ka jefa ta a ciki ba. Na ji wannan ma. Falalu, na uku."

Kofi na uku, mai zaƙi. Alhaji ya riƙe shi bai miƙa ba.

"Tambaya ɗaya ce. Bayana ya saba da majinginin can, tabarma ta fita raina. Yaya za a yi?"

Junaid ya dubi kofin. Ya dubi ƙasa. Sai hannunsa ya tafi kunne ya zaro fensir, ya juya gindinsa ya fara ja a kan yashi.

"Ga bango. Ga dakali. Rana ta nan take shigowa, ta yamma, a kwance. To ba rufi ake buƙata ba, Baba, katanga ce 'yar ƙarama a wannan ƙarshen, ta kulostira. Hujin ya kalli ƙasa, iska ta shigo, rana ta tsaya a waje. Sai a ɗan lanƙwasa ta, ta yi kama da kusurwar da kaka ya yi, kada ta zama baƙuwa a jikin gidan. Tsawonta mita biyu…"

"Da ashirin!" in ji ƙyaure.

"Da ashirin."

Babu in'ina ko ɗaya. Dattawa biyar sun sunkuya a kan yashi. Malam Falalu ya sa bakin sanda yana nuna inda yake so a bar masa huji babba, don ya riƙa ganin masu fitowa daga masallaci.

Zubair ya leƙo ta saman kawunansu, ya daɗe yana nazari, sannan ya ce, "To ni a ina zan riƙa ajiye mota?"

Ubansa ya ɗago ya dube shi, ya dubi Junaid, ya yi ajiyar zuciya. "Rufa'i, ba shi kofin kawai."

Junaid ya karɓa da hannu biyu ya shanye, duk da ya ƙona masa harshe.

"Ka ce wa kawunka ina son ganinsa," in ji Alhaji. "Ta ƙofar gabas. Ta nan mutane suke shigowa."

A zaure Inna Hajjo ta rangaɗa guɗa, ta kuma ce wai tari ne ya sarƙe ta.

Junaid bai koma Zariya ba. Zariya ce ta zo, mota biyu, bayan ƙaramar salla. Malaman Khairiyya sun rage mata maki biyu saboda bangon arewa, suka ƙara mata uku saboda katangar.

Alhaji da kansa ya sa lokacin ɗaurin aure: ƙarfe huɗu na yamma, a kan dakali, a watan da rana ta fi karkata arewa. Ya ce in inuwa ta riƙe, aure ya ɗauru, in ba ta riƙe ba a ɗaura duk da haka, amma ango ya zauna a gefen rana.

Inuwa ta riƙe. Haske ya ratso hujin bulo ya zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo kamar zanen lalle, iska tana kaɗa rigunan dattawa. Malam Falalu ne ya yi addu'a, ya yi ta da tsawo, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka, da gida mai inuwa rani da damina. Zubair ya kawo janareto kyauta, ya kuma tabbatar kowa ya san shi ya kawo.

Ana shafa fatiha wayar amarya ta yi ƙara a ƙarƙashin lulluɓi.

"An ɗaura, Santimita. Ban gudu ba."

"Na sani, angona. Inna ta sa an ɓoye takalmanka."

Da aka kai ta gidansu a Chagoua, cikin kayan da ta fara jerawa har da babban littafin nan. Ta ɗora shi a kan karkataccen bulon da ya ajiye mata tun farko. Kafin ta rufe, ta buɗe shafi na tamanin da bakwai, inda aka ce bangon arewa ba ya ganin rana, ta rubuta da fensir a gefe: "Ban da na gidanmu."

Bayan kwana biyu ta sake buɗewa, ta ga an ƙara kalma ɗaya a ƙasa, da rubutun da ta sani:

"Alhamdulillahi."

Allah Ya bar su tare, Ya sa inuwarsu ta ishi na kusa da na nesa. Amin.